Idan matsin iska ya zube a ƙaramin jirgi, laifin na'ura ne ko na matuƙi?

Ɗalibin Tuƙi

Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske a kan hatsarin ƙaramin jirgin nan samfurin TBM 900 da ya auku ranar 5 ga Satumba, 2014. Jirgin, mai inji ɗaya da farfela, ya tashi daga Rochester a jihar New York zai je Naples a jihar Fulorida, yana ɗauke da matuƙin da matarsa. Yana tafiya a tsayin ƙafa 28,000 sai matuƙin ya shaida wa masu kula da zirga-zirgar jirage cewa yana ganin wata alama da ba daidai ba, don haka yana son ya sauko zuwa ƙafa 18,000. Aka ba shi izinin ƙafa 25,000 tukuna, aka kuma tambaye shi ko yana ayyana halin gaggawa, ya ce bai kai ga haka ba. Bayan 'yan mintoci harshensa ya fara nauyi, daga nan aka daina jin sa. Jirgin ya ci gaba da tafiya da na'urar tuƙa kai, ya ratsa sararin Kuba, har mai ya ƙare ya faɗa teku kusa da Jamaika.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta ɗora alhakin a kan yadda aka ƙera na'urar matsin iskar jirgin da yadda aka tsara takardar matakan gaggawa. To, gogaggen matuƙi ne, takunkumin oksijin kuma yana kusa da hannunsa, me ya hana shi sawa?

Injiniyan Jirgi

Wa alaikumus salam. Tambayarka a kan hanya take, kuma ni ma ban gamsu da a wanke matuƙin baki ɗaya ba. Jirgi irin wannan yana ɗebo matsattsiyar iska daga cikin injinsa, ya rage mata zafi, ya tura ta cikin ɗakin fasinja, sannan wani bawul yana sakin ta kaɗan-kaɗan domin matsin ya tsaya yadda ake so. Da haka mutum yake zaune a ƙafa 28,000 amma jikinsa yana jin kamar bai wuce ƙafa dubu takwas ko tara ba. Idan iskar da ke shigowa ta yanke, ko bawul ɗin ya maƙale a buɗe, ko robar bakin ƙofa ta tsufa tana yoyo, matsin zai zube. Babu injiniyan da ya taɓa ba wa kowa tabbacin cewa waɗannan sassa ba za su taɓa samun matsala ba, shi ya sa aka tanadi silindar oksijin da takunkumi da ƙararrawa. Na'ura ta farko ta gaza, na yarda, amma ta biyu tana nan lafiya lau ba a taɓa ta ba. Ban ga yadda za a ce hannun da bai miƙa ya ɗauka ba ba shi da kaso a ciki.

Likitar Ƙirji

Injiniya, da ka yi haƙuri, maganarka ta ginu ne a kan zaton cewa mutumin da ke zaune a kujerar tuƙi a lokacin shi ne dai wanda ya tashi daga ƙasa da cikakken hankalinsa, alhali ba haka ba ne. Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin ɗari ne a ƙasa da sama. Abin da ke raguwa shi ne matsin da ke tura shi daga huhu zuwa jini, wanda a wajen ƙafa 18,000 yake komawa rabin na bakin teku. Gaɓar da ta fi kowace saurin jin wannan rashi ita ce ƙwaƙwalwa, kuma abin da ke fara tafiya shi ne iya auna abu da yanke shawara.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jin shaƙewa da ke sa mutum ya zabura taruwar iskar kabon dayoksaid ce take kawo shi, ba ƙarancin oksijin ba. A can sama kuwa mutum yana fitar da wannan iska yadda ya saba, saboda haka babu abin da zai tayar masa da hankali. Wani ya ji ɗumi, wani ya ji tsikar yatsu, wani ma nishaɗi ne zai lulluɓe shi ya ga komai yana tafiya daidai. Jadawalin da ake koya wa matuƙa ya nuna cewa a ƙafa 18,000 mutum yana da minti 20 zuwa 30 na hankalin da zai iya aiki da shi, a ƙafa 25,000 minti 3 zuwa 5, a ƙafa 30,000 minti 1 zuwa 2, a ƙafa 35,000 daƙiƙa 30 zuwa 60, a ƙafa 40,000 kuwa daƙiƙa 15 zuwa 20 kacal. Idan matsin ya zube farat ɗaya, wannan lokaci yana iya raguwa da rabi. Saboda haka ƙafa 25,000 da aka ba wancan matuƙi ba wani sauƙi ta kawo masa ba, kuma lokacin da ya ce bai kai ga ayyana gaggawa ba, mai yiwuwa ƙwaƙwalwar da ta ba da amsar ta riga ta fara yunwar oksijin.

Tsohon Kyaftin

Allah ya saka wa Dakta da alheri, ta taɓo inda ciwon yake. Ni zan ƙara da batun takardar matakai, domin nan ne hukumar ta fi nuna yatsa. Matuƙi mai ladabi an horar da shi ya bi takarda daki-daki, kada ya yi gaban kansa. Idan takardar ta fara da binciken musabbabi, wato duba wannan maɓalli, juya wancan, jira ka ga ko fitila ta mutu, sannan sa takunkumi ya zo daga baya, to ladabin nasa ne zai cinye mintocin da yake da su. Wannan shi ne abin da binciken ya ce game da TBM ɗin, cewa takardar ta fifita neman matsala a kan kare matuƙi.

Kuma ba a kansa aka fara ba. Ranar 25 ga Oktoba, 1999, wani Learjet 35 ya tashi daga Orlando zai je Dallas da mutum shida, cikinsu har da shahararren ɗan wasan golf Payne Stewart. Matuƙa biyu ne a ciki, ba ɗaya ba. Suna wajen ƙafa 23,000 aka ba su izinin hawa zuwa ƙafa 39,000, suka amsa lafiya. Kimanin minti shida bayan haka aka kira su, shiru. Jiragen yaƙi samfurin F-16 da aka tura sun tarar da gilasan ɗakin tuƙi sun yi raɓa ko ƙanƙara ta ciki, ba a ganin motsin kowa. Jirgin ya yi kusan awa huɗu a sama kafin ya faɗi a jihar Dakota ta Kudu. Har aka rufe binciken ba a gano takamaiman abin da ya zubar da matsin ba, amma an ba da shawarar a mayar da sa takunkumi mataki na farko da zarar ƙararrawar zubewar matsin ɗaki ta yi ƙara. Shekara goma sha biyar bayan wannan darasi sai ga shi an sake rasa rayuka ta hanya kusan iri ɗaya. Abin da nake gaya wa duk wanda na koyar shi ne, idan ka ga wata alama da ta shafi matsin iska, ko da kana shakkar ta, sa takunkumi, tabbatar oksijin yana zuwa, fara saukowa, sannan ka buɗe takarda. Idan daga baya ta bayyana fitila ce ta yi ƙarya, asararka ɗan mai ne da ɗan oksijin.

Injiniyan Jirgi

Kyaftin, ranka ya daɗe, a kan tsarin takarda ba ni da ja. Amma ina so a lura cewa shawararka tana aiki ne kawai idan akwai abin da zai fito daga takunkumin, kuma nan ne nake ganin sakacin mutane ya fi na masu ƙera jirgi yawa. Ku tuna Cessna Citation ɗin da ya tashi daga Elizabethton a jihar Tenesi ranar 4 ga Yuni, 2023. Ya kai har Long Island a ƙafa 34,000 babu mai amsa rediyo, ya juyo da kansa ya bi ta saman birnin Washinton, jiragen yaƙi suka bi shi da gudun da ya wuce na sauti har ƙarar ta firgita mazauna birnin, daga ƙarshe ya faɗi a tsaunukan Bajiniya da mutum huɗu. Bincike ya nuna cewa kwana biyu kafin tafiyar masu gyara sun lura babu takunkumi a gefen matuƙi, oksijin ɗin kuma ya yi ƙasa sosai. Wannan ba kuskuren zane ba ne, shawara ce da mutane suka yanke a ƙasa da hankalinsu cikakke.

Akwai kuma tarkon da nake so ɗalibai su sani. A wasu jirage allurar ma'aunin oksijin tana nuna matsin da ke cikin silinda ne, ko bawul ɗin da ke sakin sa yana buɗe ko yana rufe. Sai matuƙi ya kalli allura ya ga a cike, ya wuce, alhali hanya a toshe take. Gwajin gaskiya shi ne ka sa takunkumin a fuskarka tun kana ƙasa, ka ja numfashi sau da yawa, domin ɗan abin da ya rage a cikin tiyo yana iya ruɗinka a ja na farko da na biyu. A kuma kiyaye da maiƙo. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da giris ko man inji yana iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba, kuma wannan ya haɗa da basilin da muke shafawa a leɓe da hanci lokacin hunturu.

Mai Hasumiya

Bari in yi magana ta ɓangarenmu na masu kula da zirga-zirgar jirage, tunda an ambaci izinin ƙafa 25,000. Jami'in da ke kallon rada ba ya ganin fitilun da ke gaban matuƙi, abin da aka faɗa masa shi yake aiki da shi. Idan ka ce kana son saukowa saboda wata alama, zai sa ka a layi, ya duba jiragen da ke ƙasanka, ya ba ka abin da ya samu. Idan kuwa ka furta Mayday, kalmar ayyana gaggawa, ko ka sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna ka a rada, to shi ne zai kawar da kowa daga hanyarka. Doka ma ta ba matuƙi ikon kauce wa izinin da aka ba shi gwargwadon abin da gaggawa ta buƙata, ya yi bayani daga baya. Abin da na lura da shi a wurin aiki shi ne matuƙa da yawa suna gudun wannan kalma, wasu don tsoron rubuta rahoto da amsa tambayoyi, wasu don kada a ce sun tsorata a kan ƙaramin abu.

Duk da haka ba zan ce mu ba mu da namu nauyin ba. A shekarar 2008 jami'an cibiyar Cleveland sun ji matuƙin wani Learjet na kamfanin Kalitta yana magana a hankali, yana jan kalmomi, yana cewa ya kasa sarrafa jirgin. Suka gane ƙarancin oksijin ne, suka yi ta saukar da shi mataki-mataki har wajen ƙafa 11,000, inda muryarsa ta dawo daidai, jirgin kuma ya sauka lafiya. Ana amfani da wannan faifai wajen horarwa har yau. Matuƙin da ya maimaita izini ba daidai ba, ko ya danne maɓallin rediyo bai ce komai ba, bai kamata a tsaya ana yi masa tambayoyi ba. Umarni gajere ya kamata ya ji, ya sa takunkumi, ya sauko.

Ɗalibin Tuƙi

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Sai dai duk jiragen da kuka ambata masu matsin iska ne da ke hawa sama da ƙafa 25,000. Mu da muke koyo da ƙananan jirage masu injin fistan, waɗanda ba su da wannan na'ura kuma ba kasafai suke wuce ƙafa 10,000 ba, shin wannan magana ta shafe mu?

Tsohon Kyaftin

Ta shafe ka, ɗana, ta wata fuskar ma ta fi shafar ka, domin kai ba ka da ƙararrawar da za ta gargaɗe ka. Dokar Amurka ta ce tsakanin ƙafa 12,500 da 14,000 matuƙi ya sha oksijin idan zai wuce minti 30, sama da 14,000 ya sha koyaushe, sama da 15,000 kuma a tanadar wa kowane fasinja. Ma'aunin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ya fi wannan tsanani, ya fara daga ƙafa 10,000, ya wajabta daga 13,000. Da dare kuwa ana ba da shawarar oksijin tun daga ƙafa 5,000, saboda ganin ido a duhu yana cikin abubuwan da ke fara raguwa. Ba wanda yake tashi da niyyar kai ƙaramin jirgi ƙafa 13,000 babu silinda. Yanayi ne yake kai shi. A hunturu yana hawa don ya fita daga hazo ya ga sararin sama, a damina yana hawa don ya tsallake gajimaren da ke tasowa a gabansa, ƙafa dubu bayan ƙafa dubu, gajimaren kuma yana girma fiye da yadda jirginsa yake iya hawa.

Injin ma yana jin abin da jikinka yake ji. Injin fistan marar tobo, wato na'urar da ke matsa masa ƙarin iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu, kuma zafi yana ƙara wa tsayi. Filin jirgin Jos yana sama da ƙafa 4,200. A ma'aunin da aka gina littafin jirgi a kansa, zafin wannan tsayi bai kai digiri 7 ba. Idan rana ta kai digiri 30, kowane digiri na bambanci yana ƙara kimanin ƙafa 120, sai ka ga injinka da fukafukanka suna aiki kamar suna wajen ƙafa 7,000 tun ba ka bar ƙasa ba. Kano ma da ba ta kai ƙafa 1,600 ba, a bazara idan zafi ya haura digiri 40 tana kai wajen ƙafa 5,000 a wannan lissafi. Jirgin zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, hawansa kuma zai yi sanyi, musamman idan an cika shi da mutane da kaya.

Likitar Ƙirji

Ga masu irin jirginku ina ba da shawarar 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda tun zamanin korona ta cika kantunan magani. Idan ta nuna ƙasa da 90, a sha oksijin ko a sauko, ko da mutum yana jin garau. Amma tana da makanta ɗaya mai haɗari, ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar kabon monoksaid. Wannan guba ita ce dai wadda ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da gawayi ko janareta a rufe, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Mutum yana iya kusa da suma na'urar tana nuna masa 98.

Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna Emiliano Sala, wanda ya rasu ranar 21 ga Janairu, 2019, a jirgin Piper Malibu tsakanin Nantes da Cardiff. Jirgin bai wuce wajen ƙafa 5,500 ba, amma an sami kashi 58 cikin ɗari na wannan guba a jininsa, kuma masu bincike na Birtaniya sun ce da alama ta shafi matuƙin shi ma. Akwai wasu matsaloli a wannan tafiya, ciki har da cewa matuƙin ba shi da izinin tuƙin dare ko na haya, amma ba a samu shaidar akwai na'urar gargaɗi mai ƙara a jirgin ba.

Abu na ƙarshe, wanda mu ya fi shafa, shi ne sikila. Ƙarancin oksijin yana lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai wannan ciwo ya tayar masa da rikici, har masu AS ma an sha samun saifarsu ta sami matsala a wurare masu tsayi. Matuƙin da zai ɗauki fasinja a jirgi marar matsin iska ya kamata ya tambaya kafin a tashi.

Injiniyan Jirgi

Dakta ta kawo ni inda aikina yake. A mafi yawan ƙananan jirage masu injin fistan, hitar ɗaki ba komai ba ce illa gwangwanin ƙarfe da aka naɗe a jikin salansa, iska ta bi ta ciki ta ɗauki zafi ta shiga ɗaki. Tsaga ƙarama a salansar ta isa ta haɗa hayaƙi da wannan iska. Zafin sama kuma yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa dubu, saboda haka matuƙinmu da bai taɓa hita ba wata da watanni zai jawo ta ne daidai ranar da ya hau sama, inda dama oksijin ya yi masa ƙaranci. Duba salansa da ido daga waje bai wadatar ba, sai an cire gwangwanin an gwada ta da matsi. 'Yar takardar nan mai ɗigo da ke canza launi idan gubar ta shigo ɗaki kuma tana da wa'adi, kuma ba ta amfanar wanda bai kalle ta ba. Na'ura mai ƙara ita ce abin dogaro. Wanda ya ji ciwon kai ko jiri a sama ya kashe hita, ya buɗe hanyoyin iska, ya sha oksijin idan akwai, ya nemi fili mafi kusa.

Kyaftin, ina son jin ra'ayinka a kan sababbin na'urorin kamfanin Garmin da ke saukar da jirgi da kansu idan matuƙi ya daina amsawa, har da wadda aka amince da ita a 2020 a jirgin Piper M600 mai iya kai jirgi har kan titi. Ni ina ganin su ne maganin wannan matsala.

Tsohon Kyaftin

Injiniya, da akwai irin ta a jiragen da muka ambata, mai yiwuwa da wasu sun tsira, domin wanda ya suma yakan farfaɗo idan aka sauko da shi da wuri. Amma yawancin ƙananan jiragen da ke aiki a ƙasashenmu sun girmi wannan fasaha da shekaru masu yawa, kuma mai jirgin da ke jinkirin cika silinda ba shi ne zai sayi sabon tsarin tuƙi ba. Ina maraba da ita inda take, amma ba zan gina horon ɗalibi a kanta ba.

Mai Hasumiya

Ina so in ƙara wani sharaɗi a kan maganar saukowa, kada ɗalibinmu ya haddace ƙafa 10,000 a matsayin wurin tsira a ko'ina. Ƙa'idar ita ce ƙafa 10,000 ko mafi ƙarancin tsayin da ya tsallake duwatsun yankin, duk wanda ya fi girma. A saman Kano ko Sakkwato babu damuwa. Amma Chappal Waddi a iyakar Taraba da Kamaru ya kusa ƙafa 8,000, Emi Koussi a arewacin Chadi ya wuce ƙafa 11,000, Dutsen Kamaru kusa da Buea kuma ya haura ƙafa 13,000, ga shi sau da yawa gajimare ya rufe shi. Wanda zai bi ta waɗannan wurare ya rubuta mafi ƙarancin tsayin kowane zango tun yana ƙasa, tare da ɓangaren da zai juya idan dole ta sa ya sauko, sannan ya lissafa ko oksijin ɗin da ke cikin silindarsa zai ishe shi da fasinjojinsa har su fita daga yankin duwatsun.